Yadda Ake Zuwa Hutu Gashaka-Gumti da Tsaunin Mambila Ba Tare da An Dawo a Gajiye Ba

Da yawanmu idan muka karɓi hutu a wurin aiki, a gida yake ƙarewa: yau ɗaurin aure, gobe gaisuwar rasuwa, jibi taron unguwa, waya kuma ba ta daina kuka ba. Ranar komawa aiki sai mutum ya ji ya fi ranar da ya tafi gajiya. Wanda ke son hutu na gaske yana buƙatar wurin da iska ke da sanyi, hayaniya ta yi nisa, sabis ɗin waya ma sai an neme shi. A Najeriya, wurin da ya fi cika waɗannan sharuɗɗa shi ne kudu maso gabashin Taraba, inda gandun dajin Gashaka-Gumti ya jingina da tsaunin Mambila a kan iyakar Kamaru.

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. A 1991 aka haɗe dazuzzukan Gashaka da Gumti aka mayar da su gandun daji na tarayya. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419. Amma tun yanzu in faɗa maka, wannan bayani ba na masu neman hawa ƙololuwa ba ne. Na wanda ke son ya je ya sarara ne, kuma sararawa a irin wannan wuri sai an shirya mata, sai kuma an rage buri.

Mataki na farko: zaɓi lokaci

Kada ka je da damina. A wannan yanki ruwa kan fara tun Afrilu, bai ɗauke ba sai wajen ƙarshen Oktoba ko shigar Nuwamba, kuma ba irin ruwan Kano ko Katsina ba ne da zai zuba ya wuce. Koguna kan cika su tare hanya, turɓaya ta koma taɓo, mota ta kafe. Wurin ya fi kyau a ido a lokacin, gaskiya ne, amma wanda ya je hutu ba turin mota ya je yi ba.

Daga Disamba zuwa Maris ne lokacin zuwa, sai dai watannin ba ɗaya ba ne. A farkon Disamba ciyawa ba ta gama bushewa ba, duwatsu na nan da sauran korensu, koguna sun ja baya, sararin sama a buɗe. A ganina babu lokacin da ya kai wannan. Janairu da Fabrairu hazo ne, zai iya rufe maka duwatsun da ka sha doguwar tafiya don ka gani, amma a lokacin ne ciyawa ta yi ƙasa, dabbobi ke saukowa bakin ruwa, ganinsu ya fi sauƙi. Maris kuwa zafi ne sosai a ƙasa, wajen Serti, ko da yake saman Mambila yana nan da sanyinsa. Sai ka duba me ka fi so, kallon duwatsu ko kallon dabbobi.

Mataki na biyu: yi magana da mutanen gandu kafin ka ɗaura jaka

Ba a faɗa wa gandun daji kamar an shiga kasuwa. Hedikwatarsa tana Serti, cikin ƙaramar hukumar Gashaka, ƙarƙashin hukumar kula da gandun daji ta ƙasa, kuma tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors, wadda aka fi sani da ANI, take aiki tare da hukumar wajen tafiyar da shi. Tuntuɓe su mako biyu ko uku kafin ranar tafiya. Tambayoyin da za ka yi ba su da yawa: nawa ne kuɗin shiga da na ɗan rakiya a yanzu, akwai ɗakin kwana a ranakun da kake so, wane ɓangare ne a buɗe ga baƙi, yaya hanya take, yaya kuma tsaro yake a wannan satin. Tambaya ta ƙarshe ita ce babba. Daji ne mai faɗi da ke fama da mafarauta, da masu saran madobiya da ake kira madrid, da masu haƙar ma'adinai, kuma jami'an gandu ne suka san inda ya lafa da inda bai lafa ba. Abin da wani ya ba ka labari na tafiyar da ya yi shekara uku da suka wuce ba zai maye gurbin wayar da za ka buga yau ba.

Gandun yana da ɓangaren arewa, wato Gumti, da ake shiga ta Toungo a Adamawa. Can ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai ciyawa. Mai neman duwatsu da koguna da sanyi, Serti zai nufa.

Mataki na uku: raba kwanakin

Ka ba tafiyar mako guda cur in da hali. Hanya kaɗai za ta ci kwana biyu zuwa, biyu dawowa ga wanda ya taso daga Kano ko Kaduna. Abin da ya rage ka raba shi biyu: wani a ƙasa cikin gandu, wajen ƙauyen Gashaka, wani a sama kan Mambila. Ka fara da ƙasa. Dalili kuwa, a nan ne ake tafiyar ƙafa da gumi da cizon ƙuda, don haka gara ka gama da su sannan ka hau sama ka ƙarasa kwanakinka cikin bargo da shayi. Wanda ya juya tsarin zai koma gida da gajiyar daji a jikinsa.

Kuma kowace rana abu ɗaya tak za ka sa a gaba. Yau bakin kogi, gobe kufan sansanin sojan Jamus, jibi gonar shayi. Idan ka jera wurare biyar a yini, ka mayar da hutu aikin ofis.

Mataki na huɗu: kaya

Mutumin da ya saba da zafin Arewa yakan raina sanyin Mambila, ya ce ai mun san hunturu. Sanyin can da danshi yake zuwa, yana ratsa yadi. Ɗauki rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safa, da bargo naka na kanka, don ba kowane masauki ne bargonsa zai ishe ka ba. Don cikin gandu kuma, riga mai dogon hannu da dogon wando masu launin ƙasa ko kore. Ka guji baƙi da shuɗi, su ne launukan da ƙudan tsando ke bi. Takalmi ya zama rufaffe wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi a daji ƙuraje ne kawai. Babbar riga da shadda su yi zamansu a gida, sai dai kaftani ɗaya saboda Juma'a ko gaishe da manya.

Sai gidan sauro, man shafawa na korar ƙwari, tocila da batir, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, buta da darduma. A jakar magani a samu na zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita, na ciwon jiki, gishirin gudawa, bandeji da filasta. Mai asma ko sikila ya ga likitansa kafin ya tashi, don sanyi na tayar da duka biyun, asibiti kuma ba kusa yake ba idan an shiga ciki.

Abinci: a Serti da Gembu za ka samu na saye, amma a cikin gandu abin da ka shigo da shi shi za ka ci. Shinkafa, taliya, manja ko man gyaɗa, kayan miya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, madara da sukari. Ruwan sha ka saya a gari, ko ka tafasa na kogi komai haskensa.

Kuɗi kuma ka riƙe tsaba, har da ƙananan canji. Kada ka dogara da taransifa a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Katin shaidarka ya kasance a aljihu, yanki ne na kan iyaka, shingayen bincike suna da yawa.

Mataki na biyar: hanya

Ga mai tasowa daga Kano ko Kaduna, Jalingo ce mahaɗa. Daga Kano ana bi ta Gombe, Kaltungo, Numan, sannan Jalingo. Mai hali yana iya bincikar jirgin da ke sauka Jalingo ko Yola ya rage wa kansa yini guda. Kwana a Jalingo, kada ka zarce ko da ka ga rana da sauranta. Washegari bayan sallar asuba ka kama hanyar Sunkani, Garba Chede, Bali, har Serti. Tafiya ce mai cin mafi yawan yini, titin yana da wurare masu kyau yana da masu ramuka. Ƙa'ida ɗaya ce ba ta da sassauci: kada magariba ta same ka a kan hanya.

Idan da motarka za ka je, kai ta gareji tukuna. A duba birki, tayoyi har da safaya, da ruwan lagireto. Cika tanki a Jalingo, ka ƙara a Bali ko Serti, don mai yana ƙara tsada gwargwadon yadda kake ƙara hawa. Ƙaramar mota za ta kai ka Serti, za ta ma hau Mambila in tana da lafiya, amma shiga cikin gandu sai mota mai tsayi mai jan ƙafa huɗu, ko babur. Mai motar haya kuma akwai motocin Serti da Gembu a tashar Jalingo. Ka biya kuɗin kujerar gaba kai kaɗai, ba asara ba ce.

Batun sallah: tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba. Sai dai a mazhabar Malikiyya, idan ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, cikawa za ka yi. Da irin rabon kwanakin da na kawo a sama, yawanci ba za ka kai hakan ba a ko'ina.

Mataki na shida: cikin gandu

A Serti za ka yi rajista, ka biya, ka karɓi rasit, a haɗa ka da jami'in gandu da zai raka ka. Kada ka ɗauke shi ɗan dako ko direba. Shi ne idonka da kunnenka a wurin. Idan ya ce a tsaya, a tsaya. Idan ya ce ba a shiga ruwan nan, ba a shiga. Yawancinsu 'yan yankin ne, suna jin Hausa da Fulatanci, kuma hira da su rabin daɗin tafiyar ne. Ka ci abinci tare da shi, ranar rabuwa kuma ka yi masa alheri.

Yanzu ga abin da ya kamata ka sani don kada ranka ya ɓaci. Nan ba Yankari ba ne da za a zuba ku a mota a zagaya da ku. Daji ne mai duhuwa da kwazazzabai, dabbobinsa suna da wurin ɓuya, kuma sun san ɗan Adam ba abin yarda ba ne. Abin da kusan tabbas za ka gani shi ne gwaggon biri, da wasu ƙananan birai, da tsuntsaye iri-iri har ka gaji da tambayar sunansu. In ka yi sammako ka yi shiru, kana iya dacewa da mazo ko gada ko gwambaza ko mugun dawa, da biri mai roro, baƙi da fari, yana tsalle can ƙololuwar itace jelarsa na reto. Akwai wurin da dorina ke zama a kogin Kam, a tambayi jami'i ko suna nan a lokacin. Ɓauna da damisa suna cikin dajin, amma sawunsu ka fi yiwuwar gani.

Gandun ya yi suna a duniya saboda biri mai ganga, wanda Turawa ke kira cimfanzi, kuma nau'in da ke nan a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa. A shekarar 2000 masu bincike suka kafa sansani a Kwano, tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa daga ƙauyen Gashaka, don nazarin rayuwarsa. Sun nuna yadda yake gyara tsinke ya zura a amya ya lashi zuma, ko ya tsoma a ramin kwarkwasa ya kwaso ya ci. Ganinsa ido da ido sai mai rabo. Amma jami'i zai iya nuna maka gadon ganye da ya saƙa a saman itace ya kwana jiya, ko tsinkayen da ya yar a gindin bishiya, kansu a tattaune. Wani lokaci kuma da safe za ka ji ihunsu daga wani kwari, haɗe da dukan saiwar itace, dim-dim-dim, sai dajin ya yi tsit. Ko wannan kaɗai ka samu, kuɗin motarka ya fita.

Kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan sansanin sojan Jamus a kan tudu, na zamanin da yankin ke ƙarƙashin mulkinsu, kafin a kore su daga Kamaru a 1916. Bayan nan Ingila ta riƙe yankin, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi zama cikin Najeriya. Daga nan aka sa wa yankin sunan Sardauna Ahmadu Bello, firimiyan Arewa na lokacin, shi ya sa ƙaramar hukumar da ke saman Mambila take amsa sunan Sardauna har yau. Hawan tudun ba shi da wuya, ya dace da yamma in rana ta yi sanyi.

Sauran lokacin kuma, zauna. Da gaske nake. Nemi inuwa a bakin kogi bayan ka dawo daga yawon safe, shimfiɗa darduma a kan dutse, tsoma ƙafa in jami'i ya ce babu kada a wurin. Ruwan da rani garau yake, kana hango tsakuwar ƙasansa da ƙananan kifaye na wasa tsakanin yatsunka. Kogunan nan su ke ciyar da kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Mai sha'awar fatsa ya nemi izini tun a ofis, akwai giwan ruwa da tsage a manyan gurabe. Ruwan da ba ya gudu kuwa ka nisance shi saboda tsargiya. Da dare ka duba jikinka ko kaska ta maƙale, da safe ka zazzage takalmi kafin ka zura ƙafa.

Akwai ƙauyuka da rugage a cikin gandun da kewayensa, mutane ne da gidajensu, ba kayan kallo ba. Idan kun isa gari ku fara da gaishe da jauro ko mai unguwa. Kada ka ɗauki hoton kowa, musamman mata, sai ka tambaya. Kada ka sayi naman daji ko ɗan biri ko aku komai arharsa, don kuɗinka ne zai mayar da maharbin daji gobe. Leda da robar ruwa ka tattara ka fito da su. Wutar girki a kashe ta da ruwa, ba da ƙasa kawai ba, ciyawar rani ba ta da wasa.

Mataki na bakwai: hawa Mambila

Daga Serti za ka nufi Mayo Selbe, a nan hawan yake farawa. Titi ne mai kwana-kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, ta wuraren da direbobi ke kira Biyu da Sisi da Tungar Ahmadu. Sa ƙaramin giya, bi a hankali, yi hon a kowace kwana, ka sa ido a allurar zafin inji. Mai jiri a mota ya ci abu kaɗan, ya zauna gaba. Kunnenka zai toshe, haɗiyar yawu na buɗe shi. Da ka kai Maisamari za ka ji iskar ta sauya, sai ka ga kanka kana lalubar rigar sanyi da rana tsaka. Tudun ya kai kimanin mita 1,600 a yawancin wurare, tsaunuka ne masu santsin baya lulluɓe da ciyawa, garken shanu a warwatse, layukan itatuwan turare, da tsofaffin Land Rover da har yau su ke dakon kaya zuwa ƙauyuka.

Masauki ya fi samuwa a Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar. Abin da za ka fara tambaya kafin farashi shi ne ko suna ba da ruwan zafi, don alwalar asuba da ruwan famfon Gembu jarrabawa ce.

A nan ma kada ka cika wa kanka aiki. Yini ɗaya ka je Kakara ka ga gonar ganyen shayi, inda ake sarrafa Highland Tea, ka nemi izini a ƙofa in kana son shiga. Wani yinin ka je dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje, ɗan guntun kurmin tsauni ne da ya tsira a gefen kwari, akwai tashar bincike a bakinsa. Daga saman tudun kana kallon kan itatuwan a ƙasanka, da safe gajimare na kwance a cikinsu. Nemi izini da ɗan rakiya a wurin masu kula da dajin, tafiyar awa biyu ta isa. Ragowar lokacin na kasuwa ne da ciye-ciye: ayaba, fiya, zuma, kindirmo, man shanu, da naman da ya sha ciyawar tsauni. In za ka yi tsaraba, ganyen shayi da zuma ba sa lalacewa a hanya, fiya kuma ka zaɓi ɗanya ta nuna a gida.

Za ka haɗu da masu ce maka ai ka zo har nan, bai kamata ka koma ba ka taka Chappal Waddi ba. Yi musu godiya ka ce sai wani zuwan. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da tanti da 'yan dako da izinin gandu, kuma tana son jikin da aka horar tun daga gida. Haka nan idan da iyali ka zo, musamman ƙananan yara ko dattawa, gara ka taƙaita ɓangaren daji zuwa yini guda, ku ba saman tudu sauran kwanakin.

Mataki na takwas: saukowa

Gangarowa ta fi hawa haɗari. Direban da ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin ya kai rabi birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Sa giya ta ɗaya ko ta biyu, inji ya riƙe motar, birki ya zama taimako kawai. In ka ji ƙaurin ƙonewa, nemi fili ka tsaya ya huce, kada ka watsa masa ruwa. Kada ka bi bayan babbar mota kusa-kusa, kada kuma ka tsaya a gabanta. Jira hazon safe ya washe kafin ka taso daga Gembu, amma kada ka wuce hantsi, don ka isa Jalingo da ido. In lissafin bai fita ba, kwana a Serti ko Bali.

Ka tsara yadda za ka isa gida da saura kwana ɗaya kafin komawa aiki. Kuma in zazzaɓi ya taso maka cikin makonnin da suka biyo baya, je asibiti a yi gwaji, ka gaya wa likita daga inda ka dawo da irin ƙwarin da suka cije ka.